Jitar Bulus Daga Damagaram

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna wurin mai shayi a Ikara, sai a ce, "Haladu, ba mu labarin Damagaram." In na gangara fadama, masu saran rake su ajiye adda su ce sai na faɗa. Kowa kuma ya riga ya ji nasa, an ƙara masa gishiri, har akwai wanda ya rantse mini cewa a kan raƙumi na dawo. Shi ya sa na zauna na rubuta abin yadda ya faru, da ɗan karatun da nake da shi, wanda bai wuce allo da firamare ba. Inda na yi wauta zan ce na yi wauta, inda na yi ƙarya zan ce na yi ƙarya. Allah ya yafe mini, ku ma ku yafe.

Dalilin tafiyar Bulus ne, maƙwabcina a ƙauyenmu da ke gefen Furana. Danga ce ta raba gidajenmu, gonakinmu ma suna jingine da juna. Shi Kirista ne, ni Musulmi. Da Sallah namanmu ke tsallaka danga, da Kirsimeti shinkafarsu ke tsallakowa, kuma ni yake kira in yanka masa kajin don mu ma mu ci. Tun muna samari shi ke kaɗa jita a majami'arsu. Bara matarsa Saratu ta rasu. Da damina ta yi ƙarfi ɗakinsa ya rufta a kan jitar, ta yi raga-raga. Daga nan mutumin ya yi shiru. Sai ɗansa Ayuba, da ke aikin asibiti a Kaduna, ya aiko cewa washegarin Kirsimeti zai zo da mota ya tafi da shi gaba ɗaya, gona a ba wani.

Na ce masa, "Bulus, me za ka yi a Kaduna? Gadin talabijin?"

Ya ce, "To nan me nake yi? Ko a majami'a sai dai in zauna a benci kamar baƙo."

Nan na ƙulla a raina cewa goron Kirsimetinsa na bana jita ce. In yana da abin kaɗawa, yana da abin da zai riƙe shi. Ba zan ɓoye ba, don kaina ma na yi. In ya tafi, da wa zan riƙa musu a kan taki?

Za ku ce, ai ga Sabon Garin Zariya nan kusa. Gaskiya ne. Amma ina da wa, Yaya Malam Sani, mai makaranta a Hunkuyi, kuma waɗanda suka yi karatu a gabansa sun cika kasuwannin Zariya da Kano. Na gwada sa'a a kasuwar Makarfi. Na je rumfar wani mai sayar da lasifika, na sunkuya na raɗa masa a kunne. Bawan Allah nan ya miƙe tsaye ya ɗaga murya: "Jama'a, wa ya san inda ake samun jita? Ƙanin Malam Sani ne ke nema!" Na ce da shi wasa nake yi, na fice da sauri har na bar takalmina ƙafa ɗaya a rumfar, sai da na koma na ɗauka.

A bakin kasuwa Ɗan'asabe ya tare ni, direban babbar motar da ke kai rakenmu Nijar. Ya ce, "Baba Haladu, na ji abin da ya faru. Biyo ni Damagaram. Buzaye can jita a wurinsu kamar fartanya ce a wurinku, kuma ba wanda ya san Malam." A gida na gaya wa matata Lantana cewa zan je duba kasuwar mazarƙwaila. Ƙarya ta farko ke nan.

Gaban motar ya cika da mai kayan da abokinsa, sai aka ɗora ni can sama a kan raken. Daga Makarfi muka bi Tashar Yari, Kwanar Dangora, muka ratsa Kano muka nufi Daura. Wanda bai taɓa zama a kan ɗaurin rake tafiyar yini ba, kada ya ce ya san gaɓoɓin rake. Ni na san kowace gaɓa, ita ma ta san ni. Don in huce haushi na riƙa zarowa ina sha, na manta cewa motar Ɗan'asabe ba ta tsayawa don fitsarin kowa. Wajen Kazaure na dinga dukan rufin da tafin hannu, shi kuma ya ɗauka gaisuwa nake yi, yana amsa mini da oda.

A Kwangwalam muka tsallaka iyaka. Na zaci zan ga wasu irin mutane, sai na tarar fuskokin namu ne, furar ma tamu ce, Hausarsu har ta fi tawa tsabta. Sai dai ma'aikatansu in sun juya wa juna sai su koma Faransanci, kamar ana kurkure baki. An duba mu lafiya. Muna jiran a gama da motar, ina yawo ina shan rake, sai na ji an busa usur. Kowa ya tsaya cak. Mai fura ta tsaya da ludayi a hannu, mai kura ya tsaya, har wani da ke alwala ya ƙame da buta. Ni kaɗai ke tafe ina tofar da ɓawo, ina mamakin abin da ya sami bayin Allah. Ashe tuta ake saukewa, kuma a can in ana sauke tuta ba mai motsi. Wani jandarma, irin 'yan sandan can, ya yafito ni. Bai zage ni ba. Ya dai sa na tsaya ni kaɗai a gaban sandar da babu tuta, hannuwa a cinya, guntun rake a hammata, har sai da jama'a suka gama kallo.

A Damagaram mun sauka gidan dillalin rake, wani dattijo mai zaure babba inda fatake ke kwana, kowa da tabarmarsa. Abin da ya fara ba ni mamaki darajar rake. Abin da muke jefa wa awaki a fadama, can gaɓa-gaɓa ake yanka shi a jera a faranti, mutum ya saya ya tafi yana taƙama. Ganin haka kaina ya kumbura. Da wani ya tambaye ni ko ni ne mai kayan, na ce, "To, ana dai taɓawa." Nan da nan aka kawo mini kujera da kilishi. Ina tsakiyar bayanin yawan gonakina mai kayan ya shigo ya ce, "Haladu, an ce ka sha mini kusan ɗauri guda a hanya." Aka ɗauke kujerar, kilishin dai na riga na gama da shi.

Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, sai da ya yanke mini dasashi. Akwai kuma tukuɗi, garin gero da dabino da cuku da ake damawa. Na sha kwano guda kamar kunu, ba wanda ya gaya mini abincin masu ratsa hamada ne. Har azahar ban nemi komai ba sai inuwa. Da na farfaɗo na fita neman jita, na tarar gari ya kulle. Can da tsakar rana kowa rufe shago yake yi ya je ya kwanta, sai la'asar. A Makarfi wanda ya rufe rumfa da rana, sai a je gidansa dubiya.

Da yamma Ɗan'asabe ya kai ni wurin wani Buzu mai suna Agali, mai gyaran jita da sayarwa. Dogo ne, ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Jitoci na rataye a bango kamar ƙwarya a ɗakin amarya. Na yi sallama na ce, "Jita nake so." Ya nuna mini tabarma, ya jawo ɗan murhun gawayi. Ɗan'asabe ya taka mini ƙafa: a nan ba a maganar ciniki sai an sha shayi zagaye uku. Da aka miƙo na farko a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, na dubi abin na ce a raina, wannan a Ikara ko yaro ba za a ba. Na juye shi gaba ɗaya. Ɗaci da zafi suka haɗu suka kama mini harshe, hawaye ya zubo. Agali ya sa nasa ta ƙarƙashin rawani yana kurɓa a hankali, idonsa na dariya.

Da aka zo zaɓe, kunya ta hana ni in ce ban san komai ba. Na riƙa sauko da su ina ƙwanƙwasawa kamar kankana, ina jinjina nauyi, ina leƙa ramin ciki kamar mai duba haƙoran rago. Duk tsirkiya shida gare su. Can a lungu na hango wata mai faffaɗan ƙirji, kanta cike da kunnuwan ɗaurewa. Na ƙirga tsirkiyoyin, goma sha biyu, biyu-biyu a jere.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Wani ya zo da ita daga Aljeriya. Ba ta wuta ba ce, ba ta son batir, katakon ne ke magana. Amma tana cin yatsa. Kuma ɗaure ta aiki ne, kafin ka daidaita ta ƙarshe ta farko ta saki."

Na ce, "Mutumin da zan ba manomi ne, yatsunsa sun fi ƙahon sa tauri. Kuma ni ba zan tsallaka ƙasa in koma da shida ba alhali ga goma sha biyu."

Gaskiyata ke nan, yawan na bi, kamar mai sayen albasa. Amma da Agali ya ɗora ta a cinya ya shafa, sai na ji kamar mutum biyu ke kaɗawa tare, ɗaya da babbar murya ɗaya da ƙarama tana bin ta. Na tuna yadda nakan jiyo Bulus da Saratu ta kan danga bayan sun dawo daga gona. Na ce wannan ce, ba wata ba.

Sai ya tambaye ni, "Mai ita, da wane hannu yake kaɗawa?"

Na buɗe baki zan ce dama, don da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa. Sai na tuna da wanne yake saran rake, da wanne yake jifan akuyata in ta shiga masa lambu. Bahago ne! A wurinmu bahago tun yana yaro ake doke masa hannu a kwano har ya koyi ci da dama, shi ya sa za ka yi shekara da shekaru da mutum ba ka lura ba. Agali ya ce to sai an juya tsirkiyoyin duka, masu kauri su koma inda sirara suke, a kuma sake sassaƙa ɗan ƙashin da suke hawa a kai. Ɗan'asabe ya ce, "Baba, ga waya, ka kira shi ka tambaya mana." Na ce, "Mutumin da na sani tun kafin a haife ka zan tambaya? Juya ta, Agali." Ya kai dare yana aikin, ni kuma ina zaune ina jin kaina mai hikima.

Dawowa a ƙananan motoci na yi. Tun daga Damagaram har iyaka a fili na rungumo ta, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Amma ina sauka Kano kunyar gida ta dawo mini sabuwa. Na sayi farin yadi na naɗe ta, na sayi tabarma na ƙara naɗewa, na ɗaure da igiya sama da ƙasa da tsakiya. Ni dai so nake kada a gane siffarta. Wallahi ban yi tunanin abin da ta koma kama da shi ba.

Na iso motar Ikara ɗauke da ita a hannu biyu, a hankali don kada ta bugu, fuskata a murtuke don kada a tambaye ni. Wata tsohuwa da ke kujerar baya ta dube ni ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Sannu ɗan nan. Allah ya ba da haƙuri."

Nan ne wurin da ya kamata in ce, "Iya, kaya ne." Amma in na ce kaya ne za a ce wane kaya. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Amin."

Wannan amin ita ce mafi munin abin da na yi a tafiyar nan, kuma har yau ina istigfari a kanta. Maza suka cire hula. Aka sauke mutum biyu daga gidan gaba aka ba ni ni kaɗai. Direba ya kashe rediyo. Wani ya miƙo mini ruwa, tsohuwar ta aiko da ƙosai ta ce in daure in ci, na kuma ci. Bayan Kwanar Dangora muka faɗa wani rami, tsirkiya goma sha biyu suka amsa a cikin tabarma, wani dogon amo mai daɗi. Na fara tari da ƙarfi. Direba ya ce, "Sifirin motar ne, tun jiya yake wannan kukan." Tsohuwar ta ƙara salati.

Ashe a can baya akwai wani mai gyaran babur na Ikara da ya gane ni. Ya buga wa wani waya, wani ya buga wa wani. Kafin labari ya isa ƙauyenmu ya juye: ba Haladu ne ya ɗauko tabarma ba, Haladu ne a cikin tabarma. Wayata kuwa tun iyaka ba caji.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida, na tarar an shimfiɗa tabarmi, maza sun jeru, kukan mata na tashi daga ciki. Yaya Malam ya iso daga Hunkuyi yana zaune a tsakiya da carbi. Can gefe ga Bulus a tsugune, hula a hannu, ido jawur. Da aka gan ni wasu suka watse da gudu. Lantana ta leƙo, ta yi ƙara, ta koma, ta sake leƙowa.

Yaya Malam bai motsa ba. Ya ce, "Haladu, kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

"To wane ne wannan?"

Ba yadda zan yi. Na durƙusa a gaban jama'a na kwance igiya, na warware tabarma, na yaye farin yadi. Jita ta fito tana sheƙi. Na faɗi komai, tun daga mazarƙwaila har amin. Wani ya fara dariya a hanci, sai wuri ya ɓarke. Yaya ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Ni ban ce ka kaɗa ba, ban kuma ce ka zauna saurare ba. Amma kyautata wa maƙwabci ba abin naɗewa a tabarma ba ne. Ƙaryar ce abin kunya, ita kuwa ka ɗauko ta a fili. Ka nemi tsohuwar nan ka roƙe ta gafara." Ya juya ya ce tunda an riga an ɗora tukunya, a kawo abinci.

Na ɗauki jitar na miƙa wa Bulus na ce, "Barka da Kirsimeti, ko da yake da saura." Ya karɓa. Ya zauna ya kwantar da ita irin ta bahagwai, ya dafa wuyanta, ya shafa. Wani irin sauti ya fito kamar an taka agwagwa. Ya sake dafawa, ya sake shafawa. Ya ɗaga ta ya duba sama da ƙasa.

"Haladu, wa ya juye mata hanji?"

Na ce da alfahari, "Ni na sa. Ai na san kai bahago ne."

Ya dube ni, ya fara dariya har ya kwanta a tabarmar makokina. Da ƙyar ya iya magana. Ashe jitar da ya koya da ita ta majami'a ce, ta kowa da kowa, ba a juya wa mutum ɗaya. Kifa ta kawai yake yi ya kaɗa a haka, sirara a sama masu kauri a ƙasa, tun yana saurayi. Duk abin da yatsunsa suka sani a kife suka san shi. Da na bar ta yadda na same ta, da a ranar ya kaɗa.

Ranar Kirsimeti bai kaɗa komai ba. Na yanka kaji, an ci shinkafa, jita na jingine. Washegari Ayuba ya iso da mota, ya tarar da ubansa a gindin mangwaro, ya kwance tsirkiyoyin duka ya jera a kan buhu, yana goga wani ƙashin sa da ya karɓo wurin mahauci, zai sassaƙa sabon abin hawa.

Ayuba ya ce, "Baba, ina kayan? Mu kama hanya."

Bulus bai ɗago ba. Ya ce, "Ka ga aikin da wannan mutumin ya ɗora mini. In shiga Kaduna da jita tsirara? Bari in gama tukuna."

"Yaushe za ka gama?"

"Goma sha biyu ne fa, ɗana. Tambayi Babanka Haladu, shi ya ƙirgo su."

Ayuba ya harare ni cikin ladabi, ya ci abinci, ya ce zai dawo da Ista. Ista ta zo ya dawo, ya tarar an mayar da tsirkiyoyi amma wai ba su daidaita ba, ya sake komawa shi kaɗai.

Tsohuwar na same ta a wani ƙauye wajen Taba, na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ta yafe, amma ta ce in sake maimaita wurin ramin, ta kira maƙwabta su ji.

Yanzu Bulus ya koma kaɗawa a majami'a, mutanensu sun ce kamar mutum biyu. Amma duk ranar da Ayuba ya bugo waya, amsar ɗaya ce, ba a gama ɗaurewa ba. Jiya da la'asar na leƙa ta kan danga zan ari galma. Na same shi ya daidaita su tsaf, ya shafa, sauti ya fito garau. Ya ɗan zauna yana saurare har amon ya mutu. Sai ya kai hannu ya kama kunne ɗaya ya sassauta.

Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ce, "Me kake kallo?"

Na ce, "Galma na zo ara."